Tagullar da aka sa a gwanjo a Samaru, ra'ayina

Jama'a masu tambayata a kan tagullar nan da aka sa a gwanjo, na je na ganta da idona kuma gaskiya aiki ne mai kyau, amma kuɗin da suka fara kira ya yi yawa.

Tsayinta bai wuce kamu ɗaya ba, ba mutum ba ce ba dabba ba, kawai ƙarfe ne ya murɗe ya hau sama ya bar rami a tsakiya, ta wani gefen sai ka ga kamar dagin Arewa da aka warware. Wani dattijo a gefena cewa ya yi "to wai menene wannan ɗin?" Ni kuwa abin da ya burge ni kenan, tunda babu fuska babu ido, za ka ajiye ta a falo Hajiya ba za ta ce ka shigo da gunki gida ba.

Zubin kaki ne, irin na mutanen Ife da Benin, a siffanta da kakin zuma a lulluɓe da yumɓu a gasa, kakin ya narke ya fita sannan a zuba narkakken jan ƙarfe da kuza. Na ƙwanƙwasa ta yi ƙara mai tsawo, maganaɗisu bai kama ba, ga nauyi, don haka ba roba aka shafa wa fenti ba. Koren da ke jikinta da gangan aka yi shi, don Allah wanda ya saya kar a ba yara su goge da toka da lemon tsami, darajar kenan za a kankare.

Inda suka gaza, gindin katakon yana rawa, sannan babu takardar da ta nuna wa ya ƙera, yaushe, guda nawa aka zuba. Haba! A garin Zariya da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, ga sashen zane na ABU nan kusa cike da masana, ai bai kamata a sayar da aiki ba suna ba. Kuma ka tambayi la'adar masu gwanjo tun kafin ka ɗaga hannu, daban ake ɗora ta a kan farashi.

In sun kawo takarda sun gyara gindin zan taya, in ba haka ba a kai kasuwa.