Charles na ɗaya da ɗansa James na biyu, wa ya fi jawo wa sarauta asara?

Ɗan uwa, tambayarka ita ce tsakanin sarkin Ingila da aka sare wa kai da wanda ya gudu, wanne ne rigimarsa da majalisa ta fi rage ƙarfin sarauta. Ni dai a ganina wanda ya gudun ne.

Shi Charles matsalarsa kuɗi ce. Ya sallami majalisa a 1629 ya yi shekara 11 yana mulki shi kaɗai, yana karɓar harajin jiragen ruwan yaƙi har daga garuruwan da ko teku ba su gani, sai da yaƙi da mutanen Sikotlan ya ƙarar masa da aljihu sannan dole ya sake kiransu a 1640. To a Janairun 1642 fa mutumin nan ya ɗebo masu makamai ya shiga zauren majalisa da ƙafarsa wai zai kama wakilai biyar, ya tarar tuni sun bi ta kogi sun arce. Daga nan sai yaƙin basasa, ranar 30 ga Janairu 1649 aka sare masa kai a Landan. Amma kuma me? Shi ma Cromwell, jagoran sojojin ɓangaren majalisa da suka ci sarkin da yaƙi, da sojoji ya kori majalisar a 1653, zuwa 1660 an dawo da sarautar, an ɗora Charles na biyu, ɗan wanda aka kashe kuma wan James, kan karaga.

James kuwa da ya hau a 1685 majalisa ta sakar masa kuɗi sosai, tasa rigimar ta addini ce, shi ɗan Katolika ne, yana dakatar da dokoki yana naɗa 'yan ɗarikarsa a soja, har limaman coci bakwai ya kai kotu aka wanke su. Da aka haifa masa ɗa namiji a 1688 sai manya bakwai suka rubuta wa surukinsa William na Holan ya zo. James ya jefa hatimin sarauta a kogin Thames ya tsere Faransa.

Nan ne majalisa ta samu wuƙa da nama, don ita ta miƙa wa William da matarsa Mary, 'yar James, sarautar a 1689 da sharaɗi, ba haraji sai da yardarta, ba dakatar da doka, ba ajiye sojoji lokacin zaman lafiya sai ta amince. Kuɗin ma a ɗan gutsure suke ba William don ya riƙa dawowa, shi ya sa tun 1689 ba shekarar da majalisa ba ta zauna ba.