Mitar ruwa mai aiki da sauti: hanya ɗaya ko hanya huɗu?

Ɗan'uwanmu na Agege ya tambaya: yana son haɗa mitar da za ta auna ruwan burtsatsen da ake sayar wa tankoki, bututun inci 4 ne, kuma Arduino Uno, ƙaramin allon kwamfuta na haɗa na'urori, ke hannunsa. Ya yi mai hanyar sauti ɗaya, ko ya daure ya yi mai huɗu?

Malam, kafin maganar hanyoyi akwai maganar agogo. A kowace hanya, sansa biyu ne (na'urorin aikawa da karɓar sauti) ke aika wa juna sauti ta cikin ruwa, galibi na megahaz 1, wato bugu miliyan ɗaya a daƙiƙa. Sautin da ya bi ruwa yana riga wanda ya sha gabansa isa, kamar kwalekwale mai gangara da mai hawa; da wannan bambancin lokaci ake lissafa gudun ruwan. Sauti a ruwa na cin kusan mita 1,480 a daƙiƙa. Idan ratar sansa biyun a tsawon bututu santimita 10 ce, ruwa na tafiyar mita 1 a daƙiƙa, bambancin kusan nanosakan 90 ne kawai, wato kashi 90 cikin biliyan na daƙiƙa. Uno kuwa megahaz 16 ne, bugunsa ɗaya nanosakan 62.5. Ka ga ba zai iya auna wannan bambanci daidai ba, ko hanya nawa ka yi. Sai ka haɗa masa aisi biyu (ƙananan guntayen lantarki), TDC1000 da TDC7200 na kamfanin Texas Instruments: na farko ya aika sauti ya karɓa, na biyu ya ƙirga lokaci har zuwa pikosakan 55 (pikosakan dubu ne nanosakan 1), Uno ya tsaya ga lissafi. Ko kuma a madadinsu duka ka ɗauki MSP430FR6047, aisi mai kwamfuta a ciki wanda aka ƙera domin mitar ruwa.

Hanya ɗaya: sansa biyu, waya kaɗan, gyara da sauƙi. Rauninta shi ne layi guda take gani, alhali ruwa ya fi gudu a tsakiyar bututu fiye da gefe. In akwai gwiwa ko bawul a kusa, ruwan na murɗawa, mitar ta ba ka adadin da ba shi ba. Maganinsa miƙaƙƙen bututu: ninki 10 na faɗinsa kafin mita, ninki 5 bayanta. A naka, inci 40 da inci 20 ke nan.

Hanya huɗu tana ratsa ruwan a tsayi daban-daban, a ba kowace nauyinta a lissafi, sai murɗawar ta rage tasiri; in ɗaya ta mutu, sauran su ci gaba. Shi ya sa ake sa ta a manyan bututun mai da gas, inda kuskure kaɗan ke zama kuɗi mai yawa. Amma sansa takwas ne, ramuka takwas da dole kusurwarsu ta zama daidai. TDC1000 guda hanya ɗaya yake ɗauka, sai ka ƙara wasu ko ka sa aisi mai sauya layi, shi ma da nasa jinkirin. Nan ne nake jiye maka: a misalin can, nanosakan 1 na kuskure ya kai kashi 1 cikin 100 na ruwan da kake sayarwa.

Ni dai a inci 4, hanya ɗaya zan yi. In wurin ya matse, babu filin miƙe bututu, sai biyu masu gicciye juna. Ka dasa ta inda bututu ke cike koyaushe, don kumfar iska na datse sauti, ka nisanta wayoyinta da janareta da inbata. Ka rufe bawul ka saita sifiri, sannan ka cika duro mai lita 200 ka gwada da abin da ta nuna, a gudu kaɗan da gudu sosai.