Kwanson Lake City ko na Lapua: wanne ya fi wa mai cika harsashi da kansa?

A Amurka masu harbin nesa da yawa ba sa siyan harsashi a shago, kwanson da suka harba suke tarawa su sake cika shi da albarushi a gida. To a harsashin bindiga mai girman .308 dai akan yi muhawara tsakanin kwanso biyu, na Lake City da na Lapua.

Lake City na soja ne, daga masana'antar da ke Missouri, ana samunsa da araha tunda yawanci wanda aka riga aka harba ne, amma fa bangonsa kauri gare shi, wato cikinsa ya fi matsewa, in ka zuba masa albarushi daidai da yadda kake zubawa a siririn kwanso irin na kamfanin Winchester matsin iska lokacin harbi zai haura, sai ka ga firaima (ɗan abin da ke gindin kwanso mai kunna albarushi) ta baje ko hannun bol (ƙarfen da ke kulle harsashi a cikin bindiga) ya yi tauri wajen buɗewa. Ga kuma wahalar kankare matsin da soja ke yi wa ramin firaima, ɗaya bayan ɗaya, aiki ne mai cin rai wallahi.

Lapua kuwa ɗan Finland ne, tsada kam akwai ta, sai dai kwansunan kusan nauyinsu ɗaya kuma yana jure cikawa sau da yawa kafin ya gaji. Ni a ganina mai neman harbi ya faɗa wuri guda Lapua ne nasa, mai yawan atisaye kuma Lake City ya ishe shi.

Duk wanda ka koma, kar ka gauraya su a cikawa ɗaya. Rage albarushin ka koma mafi ƙarancin ma'aunin da littafin cika harsashi ya bayar, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kana duba kwanson bayan kowane harbi.