Tapowa, Timiya ko Yankari: ina Badamagare zai kai kuɗin hutunsa?

A fadarmu ta Zango, ba a ko zuba shayi na biyu ba wani ƙanena ya miƙo mini waya. Hoton ruwa ne yana gangarowa tsakanin manyan duwatsu. Ya ce, "Yaya, in an yi hutun Disamba, ina ne za mu je mu ga irin wannan da idonmu?" Na gane abin da ke cin ransa. Mu ƴan Damagaram dutse ba baƙonmu ba ne, ga su nan jibge a Birni tun kaka da kakanni, amma ruwa mai gudu a gindin dutse shi ne abin da ba mu da shi. Wanda ya tashi a garin da ake sammakon bin layin pampo, dole kwazazzabo mai ruwa ya ɗauke masa hankali.

Wurare uku ne suka cancanci a tara musu kuɗi, kuma ba kyan hoto ne zai raba gardama tsakaninsu ba. Kwana nawa gare ka, da wa za ka tafi, kuma yaya hanyar take a wannan lokaci, su ne ma'auni.

In kwazazzabon kogi na ainihi ake nema, Tapowa ce, a cikin gandun dajin W. Kogin Tapowa ya yanka dutse ya yi rami mai zurfi kafin ya faɗa kogin Isa, kuma daga bakin gaɓa mutum na iya leƙen ruwan daga sama. Sunan gandun ya samo asali ne daga yadda kogin Isa ya yi lanƙwasa kamar harafin W. An mayar da shi gandun ƙasa a 1954, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1996, kuma akwai giwa, ɓauna, gwanki, dorina da kada. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne ta Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutse da Dosso, sannan a ƙara wajen 150 ta Say da Tamu. To amma ba zan ɓoye ba: ƴan bindiga sun yi kaka-gida a dazuzzukan wannan yanki shekarun nan, kuma tun harin Kure na watan Agustan 2020, inda aka kashe mutum 8 a wurin kallon raƙuman dawa, yawon buɗe ido a yammacin ƙasar bai koma yadda yake ba. Ni dai ba zan sa ƙanena a wannan hanya ba. Abin yana mini ciwo, domin wuri ne da ya kamata kowane ɗan Nijar ya gani, amma a ajiye Tapowa sai Allah ya kawo zaman lafiya.

Zuciyata tana Timiya, a tsakiyar duwatsun Abzin. Daga Damagaram zuwa Agadas wajen kilomita 450 ne ta Tanut da Adarbisanat, kuma motocin kamfani na zuwa. Kafin a shiga gari za a sauko daga gaɓar Tigidit, nan ma ido zai fara cin abinci. A Agadas ne lissafi ke canjawa, saboda sama da kilomita 200 da suka rage babu kwalta, yashi ne da tsakuwa da bin cikin ƙoramu busassu. Ƙaramar mota ba ta yi, sai kat-kat mai ja da ƙafa huɗu, kuma tafiyar yini ce cur. Kuɗin tafiyar nan, mafi yawansu a hayar mota da mai da ladan ɗan jagora suke tafiya, shi ya sa ba a yin ta mutum ɗaya ko biyu. Ku haɗu ku biyar ko shida ku raba nauyin, sai abin ya zo da sauƙi.

Abin da ake samu a can ya biya wahalar. Bayan yini guda ana kallon baƙin dutse, sai kawai ga kore shar a cikin kwari: dabino, lemu, rumman, inabi, da gonakin alkama da albasa da tafarnuwa, duk da ruwan rijiya ake shayar da su. Abzinawan garin sun daɗe suna jan ruwa da raƙumi ko sa, yanzu injin ban ruwa ya yawaita. A kan tudu akwai ganuwar da Faransawa suka gina, daga nan ana ganin garin gaba ɗaya. Magangarar ruwan tana ƴan kilomitoci kaɗan daga gari, ruwa na zubowa daga tsagin dutse cikin wani tafki mai sanyin gaske. Mai sauran ƙarfi a jiki yana iya ƙarasawa arewa ya ga kufan Asode, tsohon birnin Abzin.

Sai dai a lura da lokaci, domin nan ne mutane ke yin asara. Hotunan da ake yaɗawa a Facebook na ruwa mai ƙarfi, bayan damina ake ɗaukarsu. Wanda ya je Satumba ko Oktoba zai tarar da ruwan da ransa, wanda ya je da bazara zai tarar ya ja baya sosai, ga zafi. Tsakiyar damina kuma haɗari ce: ana iya yin ruwa a kan dutse nesa da kai, sama na tas a inda kake, sai ƙorama ta taho da ƙarfin da zai kwashe mota. Don haka ba a kwana a cikin ƙorama ko da yashinta ya fi laushi. Disamba da Janairu lokacin lemu ne kuma tafiyar ƙafa na da daɗi, amma sanyin dare a Abzin ya fi hunturun da muka sani, bargo biyu ba su yi yawa ba. Batun ƴan fashi a hanyoyin arewa ma gaskiya ne. A nemi ɗan jagora ɗan ƙasa, a sanar da jandarmomi, a bi ayarin motoci, kada a yi tafiyar dare. A ware kwana shida ko bakwai, ɗaya daga ciki na Agadas ne: masallacin ƙasa mai hasumiyar mita 27, fadar Sarkin Abzin, da maƙeran azurfa na tsohon gari, wanda UNESCO ta karrama a 2013.

Mai iyali da ƙananan yara kuwa, Yankari ta jihar Bauci ta fi masa. Kano kilomita 240 ce daga Damagaram ta Matamaye da Daura, Bauci wajen 300 daga Kano, sai a ƙara kimanin 110 zuwa sansanin Wikki. Ba kwazazzabo ba ne mai zurfi irin na Tapowa, amma maɓuɓɓugar Wikki daga gindin gaɓar dutse take fitowa, ruwa garau mai ɗumin digiri 31 rani da damina, ana ganin yashin ƙasa. Akwai ɗakunan kwana, akwai motar shiga daji, kuma daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu namun daji na taruwa a bakin kogin Gaji. Harshe ɗaya ne, abinci ɗaya, masallaci a ko'ina. A tanadi katin shaida da katin allurar shawara, a canza sefa zuwa naira wurin ɗan canjin da aka sani. Mai son iyalinsa su yi wanka cikin sutura ya sauka ruwan da sassafe kafin jama'a su cika. Birai na sansanin kuma ba su da kunya, a rufe ƙofa, kada a bar yaro da leda a hannu.

Wanda aljihunsa bai kai ko ɗaya ba, tafkin Gidimuni na nan wajen kilomita 70 a hanyar Gure, a biya ta garakan Mirya, a yini ƙarƙashin dabino a dawo kafin magariba. A hana yara shiga ruwan da ba ya gudu saboda tsargiya.

Ƙanen nawa saurayi ne, yana da abokai biyar da ƙafar hawan dutse, don haka Timiya na zaɓar masa. Na ce su fara zubin adashi tun yanzu, su kuma fara neman ɗan jagora ta wurin ƴan'uwanmu da ke zaune a Agadas, mako biyu kafin tafiya a sake kiransa a ji labarin hanya.