Gwanjo a Ingila: shagon sadaka ko Vinted?

Ɗalibai sabbin zuwa Ingila sun ishe ni da tambayar inda za su sayi rigar sanyi da araha.

A shagunan sadaka irin su Oxfam da British Heart Foundation, masu sayar da kayan da jama'a suka ba su kyauta, za ka taɓa kaya, ka ja zif, ka shinshina wuyan riga. Sai dai farashi a rubuce yake, babu tayi, kuma dace ne: yau kwat mai kyau, gobe tarkace. Na unguwannin masu hannu da shuni sun fi kaya.

A Vinted kuwa, manhajar saye da sayar da gwanjo ta intanet, ana tayi, amma akwai kuɗin aike da na kariyar mai saye, ga hoto kan yaudari ido.

Mai lokacin zagaye ya nufi shago. Wanda ya san lambar rigar da yake sawa, karatu kuma ya sha masa kai, Vinted ta ishe shi.