Sharhi kan kayan aikin canza takalmin birki a gida

Kayan da zan yi magana a kansu na haɗa su ne a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano domin canza takalman birkin gaba na Toyota Corolla ƙirar 2009, kuma sun haɗa da akwatin bos sifana, jak mai aiki da mai, ƙafafun ƙarfe biyu na tokare mota, matsi mai siffar harafin C, da sifanar auna ƙarfin ɗauri.

Akwatin bos sifanar ya biya buƙata, domin lamba 21 ta kama notocin taya daram, lamba 14 kuma ta kwance kusoshi biyu da ke riƙe da kalifa, wato ƙarfen da ke matse takalman birki a jikin faifan birki, ba tare da ta cinye musu kai ba. Aibinsa na farko shi ne gajartar hannu, wanda ba ya iya motsa notin da aka ɗaure da injin iska a wurin masu faci, don haka dole a nemi dogon hannu daban. Ba ya kuma zuwa da siririyar sifanar da ake riƙe sandar kalifa da ita idan ta fara juyawa tare da kusa.

Abin da na fi yabawa shi ne ƙafafun tokare mota, duk da cewa su ne mutane suka fi ganin sayensu asarar kuɗi ne. Jak na ɗaga mota ne kawai, ba a yi shi domin ya riƙe ta ba yayin da mutum ke jijjiga kusa da dukkan ƙarfinsa, kuma bulon siminti da ake yawan sakawa a ƙasa yana iya farfashewa ba tare da wata alama ba. Da na sauke motar a kan ƙafafun, a daɓen siminti marar gangara, na kuma datse tayoyin baya da katako, ko girgiza ba ta yi ba.

Matsin ya mayar da fistin, wato ƙarfen cikin kalifa da ke tura takalmin birki, cikin gidansa a hankali, bayan na ɗora tsohon takalmi a kansa domin kada ƙarfe ya ji masa rauni. Sai dai a riƙa duba tulun man birki, saboda man yana hawa sama a lokacin, kuma idan ya zuba a jikin mota yana cin fenti. Wannan mota man birki nau'in DOT 3 take sha.

Sifanar auna ɗauri ita ce mafi tsada, amma ita ce ta raba aikin da kirdado: notocin taya Nm 103 ake ɗaure su (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), kusoshin kalifa kuwa Nm 34 kacal, wanda ya yi ƙasa sosai da abin da hannu ke kaiwa idan an bar shi da ra'ayinsa. Giris kuwa sai na silikon, domin na gama-gari yana kumbura robar sandunan kalifa har su liƙe. Kafin a tayar da mota a tattaka birki har sai ya yi tauri.

Idan aka ƙara dogon hannu da siririyar sifana, kayan sun wadatar ga birkin gaba, amma ba su isa na baya ba, domin yawancin motocin wannan ƙira birki mai ganga gare su a baya, wadda ke buƙatar fulayar cire sifirin.