Katin ɗalibai ko katin jingina: amsa ga ƙaninmu da ya sauka Amurka

Ƙanena, barka da sauka. Ka ce watanka biyu da fara jami'a, shekararka 20, kowa sai ce maka yake ka buɗe katin bashi, kai kuma ka rasa na ɗauka tsakanin katin ɗalibai da wanda sai ka ajiye kuɗi ake ba ka. Duka biyun na riƙe, don haka ga abin da na gani.

Tukuna, kana da lambar SSN, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba ma'aikata? Mai bizar ɗalibai ta F-1 ba ya samunta sai ya sami aiki, galibi na cikin makaranta, wanda ba ya wuce awa 20 a mako lokacin karatu. Ga kuma dokar da Obama ya sa wa hannu a 2009, wadda ta hana banki ba wa ɗan ƙasa da shekara 21 kati sai ya nuna yana da kuɗin shiga na kansa ko wani ya tsaya masa. Waɗannan biyun su ne za su yi maka rabin zaɓin.

A katin ɗalibai, banki ne ya yarda da kai ba tare da ka ajiye sisi ba. Katin Discover it Student na bankin Discover da katin Quicksilver na ɗalibai na bankin Capital One duk ba a biyan kuɗin shekara. Na Capital One yana mayar maka da kashi 1.5 cikin ɗari na duk abin da ka saya. Na Discover kashi 5 ne a wasu rukunin sayayya da ke sauyawa duk wata uku, sauran kashi 1. Matsalarsa dai suna iya ƙin ka.

Katin jingina kuwa kai ne za ka ajiye, a ce dala 200, su ba ka kati mai iyakar dala 200. Da wuya a ƙi mutum, tunda kuɗinsa na hannunsu, kuma wasu bankunan na buɗe wa wanda bai da SSN idan yana da asusu a wurinsu. Sai dai ka lura, ba daga ajiyar nan ake cire abin da ka kashe ba. Tana nan a kulle, kai kuma duk wata ka biya, in ka yi jinkiri kuɗin ruwa ya hau kamar kowane kati. Discover kan fara duba asusun bayan wata 7, in sun ga kana biya su mayar maka da ajiyarka.

A wajen gina suna, wanda shi ne dalilin wahalar baki ɗaya, babu bambanci. Duka ana kai rahotonsu kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, wato Experian da Equifax da TransUnion, makin FICO kuma, mai auna amanarka wajen biyan bashi, wanda ke tsakanin 300 da 850, bai damu da wanne ka riƙe ba. Kashi 35 nasa biya a kan lokaci ne, kashi 30 yawan bashin da ke kanka. Sai asusun ya yi wata 6 makin zai fito. Ranar da za ka nemi gidan haya ko mota, shi za a duba.

Ni da kana da aiki da SSN, na ɗalibai zan ce ka nema, don dala 200 a hannun sabon zuwa ba ƙaramin kuɗi ba ne. In babu, ɗauki na jingina, kada ka yi ta cike takardu ana ƙin ka, don kowace nema tana ɗan rage maki. Ladan da suke talla da shi kuwa kada ya ruɗe ka. Ka kashe dala 200 a wata, su mayar maka da dala 3. Ka bar bashin dala 500 ya kwana a ruwan kashi 25, wajen dala 10 ke nan duk wata. A shekarata ta farko na zari dala 100 a ATM da katina don in aika gida kafin Sallah. Nan take suka caje ni dala 10, ruwa kuma ya fara hawa tun ranar, domin cire tsabar kuɗi ba shi da wa'adin nan na akalla kwana 21 da ake ba sayayya. Tun daga lokacin na saita katin ya riƙa biyan dukan bashin da kansa.

Na san za ka tambayi riba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi (OIC), a zamanta na Riyad a 2000, ta ce katin bashi bai halatta ba muddin akwai sharaɗin ruwa a yarjejeniyar, ko da mutum na da niyyar biya kan lokaci. Wasu malaman da ke zaune a nan sun sassauta saboda buƙata, in dai ba za ka bari ruwa ya hau ba. Hukuncin ya shafi katunan biyu daidai, jingina ba ta cire sharaɗin. Ka zauna da limamin masallacinku kafin ka sa hannu.

Idan kuma kana shirin zuwa gida hutu, duba tambarin da ke jikin katin. Visa da Mastercard sun fi Discover karɓuwa a wajenmu nesa ba kusa ba.